Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Samo Tarihin Kakanninmu Mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Goggo, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali, ni malama ce a wata makarantar 'yan mata, kuma ina cikin ƙungiyar matan unguwarmu. Kowace shekara idan 8 ga Maris, Ranar Mata ta Duniya, ta ƙarato mukan yi karo-karo mu sayi atamfar bikin, mu kai ɗinki, mu yi maci a gaban manya, mu ci mu sha mu watse. Bara wata ɗalibata ta nemi in faɗa mata sunan mace ɗaya tak 'yar garin nan wadda ta yi abin a zo a gani kafin zuwan Turawa ko a zamaninsu. Na rasa ta cewa, sai na kawo mata Sarauniya Amina da Nana Asma'u, ita kuwa ta ce ai waɗannan ba 'yan Garwa ba ne. Tun daga ranar maganar take ci mini tuwo a ƙwarya. Bana muna so mu tattara tarihin matan garinmu mu karrama su, amma ba mu san ta inda za mu ɓullo wa abin ba, kuma ba mu da kuɗin zuwa Yawunde binciken takardu. Daga wata malama, unguwar Hausare, Garwa, Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa wannan ɗaliba taki albarka, domin tambayar da ta yi miki ta fi atamfar bara da ta bana daraja. Kada kuma ki ɗauki rashin amsarki a matsayin gazawarki ke kaɗai, tun da yake ni kaina an koya mini jerin sunayen lamidon Garwa da na Marwa tun ina ƙarama, amma ba a taɓa koya mini sunan mahaifiyar ko da guda ɗaya daga cikinsu ba.

Dalilin wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne. Marigayi Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934 ya rasu a Maiduguri a 2004, ya ƙarar da rayuwarsa yana bin fada-fada, daga Marwa zuwa Rai Buba zuwa Tibati, yana naɗar tarihi daga bakin dattawa, kuma ba don shi ba da abubuwa da yawa sun bi masu su kabari. Sai dai mafi yawan waɗanda ke zama a zaure su ba da irin wannan labari fadawa ne da malamai, abin da ke bakinsu kuwa shi ne wa ya gaji wa, wa ya yaƙi wa, wa ya kai gaisuwa Yola. A cikin irin wannan zance mace takan leƙo ne sau ɗaya, a ce wane ya auri 'yar wane, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta. Jamusawa da suka ci Garwa a 1901 aka fitar da su a 1915, da Faransawa da suka gaje su har zuwa 1960, su kuma idonsu yana kan haraji da ƙidaya da gyaɗa da auduga, ga shi ba su da hanyar wuce zaure su shiga cikin gida. A kan wannan sai ki ɗora kunyarmu ta gado, wadda ta sa mace za ta yi shekara saba'in a unguwa ana kiranta Uwar wane, ko Dada wane, ko Hajiya Babba, ko kuwa da sunan ranar da aka haife ta, har jikokinta su binne ta ba su san sunanta na yanka ba.

To, ga suna ɗaya da za ki kai wa ɗalibarki tun gobe: Goggo Addi. Tsohuwa ce da ta zauna a nan Garwa, ba 'yar sarki ba ce, ba ta kuma riƙe wani muƙami ba, abin da Allah ya hore mata shi ne baiwar tatsuniya da Fulatanci. A cikin shekarun 1980 wata mai bincike, Ursula Baumgardt, ta riƙa zama da ita tana naɗar muryarta har ta tara tatsuniyoyi 70, aka buga su a Faransa a shekarar 2000 tare da labarin rayuwarta, kuma yau masu nazarin adabin baka a jami'o'in duniya suna ambaton sunanta. Ki tambayi kanki ko Goggo Addi ita kaɗai ce gwanar tatsuniya a Garwa a zamaninta. Ko kusa. Abin da ya raba ta da sauran shi ne an samu wadda ta zauna a gabanta ta saurara, ta kuma rubuta. Haka labarin Baba ta Karo yake a ƙasar Hausa: matar manomi ce kamar kowa, wata Baturiya mai bincike, Mary Smith, ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, kuma har yanzu duk mai son sanin yadda aure da ƙawance da kishi da bauta suke a cikin gidan Bahaushe na wancan lokaci sai ya bi ta bakinta.

Kada wani ya ce muku wannan aiki na Turawa ne kuka ara. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riga su. A cikin waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka ta jero matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da waliyyai mata na ƙasashen Larabawa, sannan ta gangaro gida ta ambaci matan jama'ar Shehu da sunayensu. Ta kuma yi wa mata talakawa waƙoƙin ta'aziyya, har da maƙwabciyarta, har da jajiyar da ke jagorantar 'yan taru daga ƙauye zuwa wurin karatu. Saboda haka idan za ku sa Nana Asma'u a cikin bikinku, ku sa ta a matsayin wadda ta nuna muku hanya, sa'an nan ku nemo naku.

Yanzu sai batun inda za a fara, kuma a nan zan ba ki labarin kuskurena. Shekaru da yawa da suka wuce na sayi rakoda mai kaset, na tafi wurin innata, ƙanwar mahaifiyata, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, na zo ki ba ni tarihi." Ta dube ni ta dubi rakodar, ta ce, "Ni ina na san tarihi? Tashi ki je wurin Liman." Haka na koma gida hannu rabbana. Bayan kamar mako biyu, ana gab da salla, na koma taya ta sauke jere don a wanke, sai na ɗauko wata tasa ta jan ƙarfe mai nauyi wadda gefenta ya lotsa, na tambaye ta dalilin da ya sa take ajiye wannan tsohuwar aba a tsakiyar sababbin kwanoni. Daga wannan tambaya ba ta yi shiru ba har aka kira magariba. Tasar ta kakarta ce, wadda ta biyo ayarin fatake daga ƙasar Kano tana goye da ɗa, ta zauna a nan tana kaɗi tana sayar da zare da fura, da kuɗin zaren ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki, daga baya ta ɗaura niyyar hajji a ƙasa ta hanyar Fort-Lamy (Njamena ta yanzu) da Abeshe, ta bar tasar ta ce a ba wadda aka sa wa sunanta. Ba ta dawo ba. Inna ta san sunan ungozomar da ta yanke wa mahaifiyata cibi, ta san wadda ke riƙe adashin matan unguwa, ta san waƙar habaicin da kishiyar kakarta take yi mata a bakin dutsen niƙa, har ta rera mini baiti biyu tana dariya. Duk wannan a wurinta ba tarihi ba ne, hira ce kawai, domin an saba mata cewa tarihi sai da doki da tambari.

Don haka kada ku furta kalmar tarihi a gaban tsohuwa. Ku tambaye ta wa ya koya mata kaɗi ko saƙar faifai ko haɗa turaren wuta, a wurin wace malama ta yi karatun allo, wace ce Magajiya lokacin da take budurwa, wa ake aika wa idan haihuwa ta zo da gardama, wa ke wankan gawar mata, wace mace ce ta fara mallakar gida na kanta ko mota ko rumfa a kasuwa, wa ke ciyar da almajirai a shekarar yunwa. Ku sa ta buɗe adudu da fanteka, domin kowane zane da kowace warwaro suna da mai su ta farko. Ku nemi zabiyoyi da maroƙan da suka tsufa, saboda kirarin da ake yi wa mace a wurin biki yakan ɗauko sunan uwarta da na kakarta da garin da suka fito, abin da babu wata takarda da ta adana. Ku je ku biyu kawai, mata zalla, da ɗan goro da sabulu na gaisuwa, da hantsi ko bayan la'asar, kuma kada a bar ɗanta ko jikanta namiji ya zauna a ɗakin, in ba haka ba shi zai riƙa amsawa a madadinta. Ku nemi izininta kafin ku kunna wayar naɗar murya, ku fara da faɗin rana da wata da shekara da unguwa da sunan mai magana da na iyayenta, sa'an nan ku ajiye wayar a gefe ku manta da ita. In ta yi shiru ku bar ta da shirunta, sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun ya fi abin da ya gabace shi. Kuma a bar ta ta yi magana da harshen da ya fi mata daɗi, ko Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a fassara daga baya.

Wurin da za ku sha wuya shi ne shekaru. Katin shaidar iyayenmu da yawa ba ya ɗauke da ranar haihuwa sai kalmar nan ta Faransanci "vers", wato wajajen shekara kaza, kuma sau da yawa ma'aikaci ne ya dubi fuska ya kintata. Maganin wannan shi ne ku riƙe wasu shekaru tabbatattu a ka, ku riƙa ɗaura labari a jikinsu kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Kamaru ta samu 'yancin kai a 1 ga Janairun 1960, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, daidai lokacin babban farin nan na 1973 da 1974, 'yan gudun hijirar yaƙin Njamena sun cika Kusiri a 1979 da 1980, Ahmadu Ahijo ya sauka daga mulki a Nuwamban 1982, a shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo, an sake yin fari a 1984, an kuma karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994. Idan tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na uku aka fara jin kukan jirgin ƙasa, kun samu turke. Ga abin da ya gabaci wannan kuwa, ku tambayi wane lamido ne ke kan gado, tun da shekarun sarautarsu a rubuce suke.

Sai kuma tantancewa, wadda ita ce ke raba bincike da hirar bakin rijiya. Kowane gida yana son kakarsa ta fi ta kowa, saboda haka labarin da kuka ji a gida ɗaya ku nemi jin sa a wasu gidaje biyu da ba su haɗa jini da na farko ba. In sun saɓa, ku rubuta duka, ku ce wance ta ce kaza, wance kuwa ta ce kaza. Wannan ba rauni ba ne, haka malaman hadisi suka koya mana riƙon isnadi.

Game da takardu, ba sai kun je Yawunde ba tukuna. Mace takan fito da sunanta na yanka a rajistar alkali, wurin rabon gado da saki da ƙarar bashi, da takardun fili, da tsohon fasfo na hajji, da wasiƙun ajami da ke kwance a gafakar malamai, da bangon Alƙur'anin gida inda wasu iyaye ke rubuta haihuwa da rasuwa. Tsofaffin masu ɗaukar hoto na gari ma wasunsu suna nan da akwatunan hotuna da babu mai tambaya. Sassan tarihi na jami'ar Ngaundere da ta Marwa suna da kundayen ɗalibai da suka yi bincike a garuruwansu, kuma wasiƙa ɗaya daga ƙungiyarku za ta iya buɗe muku wannan ƙofa. Abin da kuka naɗa kuwa ku kwafe shi wuri uku a gidaje daban-daban, ku kuma rubuta shi a takarda. Kaset-kaset ɗin da na naɗa na Inna na zuba su a akwatin ƙarfe na ajiye a ɗakin da rufinsa kwano ne, bayan wasu shekaru na buɗe na tarar zafi ya manne zaren, abin da ya tsira sai wanda na riga na kwafa da hannu a littafin makaranta.

Ranar karramawa za a matsa muku lamba ku cika jerin da sunayen manya, kuma ba laifi a ambace su. Yaou Aïssatou ta zama ministar harkokin mata a 1984, Aïssa Doumara ta karɓi lambar yabo ta Simone Veil a birnin Faris ranar 8 ga Maris 2019 saboda yaƙi da auren dole da cin zarafin mata a yankin Arewa Mai Nisa, Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ta ci babbar kyautar adabi ta ɗaliban sakandaren Faransa a 2020. 'Yan mata su san su, su yi koyi. Amma a ganina waɗannan ba su ne ke cikin haɗarin ɓacewa ba, jaridu da intanet sun riga sun riƙe su. Ƙarfinku ya tafi ga ungozoma da malamar allo da mai fura da ta ilimantar da marayu, a karanta tarihin kowace a tsakar unguwarta da Hausa da Fulatanci, jikokinta suna zaune a gaba, a yi mata addu'a, a ba iyalinta kwafi. In kun yi wa mata biyar haka bana, ya fi ku lissafa hamsin da ba ku tantance ba.

TAMBAYA: Goggo, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Ngaundere. Na soma rubuta tarihin kakar mahaifina, wadda kowa ke yabo saboda ita ta rene gidanmu gaba ɗaya bayan rasuwar mijinta, da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A cikin bincike wata tsohuwa ta shaida mini cewa kamo ta aka yi tana yarinya daga wani ƙauye na kudu, aka sa ta a ɗaka. Da na faɗa wa baffana sai ya fusata, ya ce in na rubuta wannan ba shi ba ni, ya kuma ce in rubuta cewa 'yar malamai ce daga Barno. Me zan yi? Daga wani ɗalibi, Ngaundere.

AMSA: Ɗana, ka taɓo wurin da ke da ciwo, kuma ba gidanku kaɗai ba ne. Duk wanda ya san tarihin Adamawa ya san cewa Ngaundere tana cikin manyan cibiyoyin harin bayi a ƙarni na 19, abin kuma bai yanke da zuwan Turawa ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali, wadda a lokacin Jamusawa take cikin Kamaru, ya sa magatakardansa yana rubuta masa abubuwan yau da kullum da Larabci daga 1912 zuwa 1927, kuma a cikin wannan littafi za ka ga mata da 'yan mata da aka kamo daga duwatsun Mandara an ƙidaya su kamar yadda ake ƙidaya shanu, ana kyauta da su, ana musayarsu da dawaki, mafi yawansu ba suna. A nan Ngaundere ma har cikin shekarun 1950 akwai matan da suka gudu daga bauta suka fake a tashar 'yan mishan na ƙasar Norwe. Kakarka tana ɗaya daga cikin dubban da aka raba da suna da harshe da dangi, bambancinta shi ne ta samu tattaɓa-kunne mai neman sanin ko ita wace ce.

Abu ɗaya ba zan ba ka shawarar yi ba ko da wasa, shi ne ka rubuta cewa 'yar malaman Barno ce. Wannan ƙarya ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, tsohuwar da ta gaya maka ba ita kaɗai ta sani ba. Ban da haka, yin hakan sake kamo ta ne karo na biyu, an ƙwace mata asalinta tana raye, ga shi za a ƙwace mata shi tana kabari. Girman abin da ta yi ma ba ya fitowa sosai sai an san daga inda ta taso: yarinyar da aka shigo da ita gari ba ta jin ko gaisuwar mutanensa, ita ce ta wayi gari ginshiƙin gida.

Amma rashin yin ƙarya ba ya nufin ka hau kan baffanka da gardama, ko ka watsa labarin a Facebook gobe da safe. Fushinsa yana da tushe, domin har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda gorin asali, kuma wataƙila 'ya'yansa mata yake dubawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka sami wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko goggonka in tana raye, ku zauna da shi a natse, a tuna masa cewa a shari'a ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke mai gado, ita kuma ba a sayar da ita, tana kuma samun 'yanci da rasuwarsa, a tuna masa cewa da dama daga cikin lamidon Ngaundere iyayensu mata Mbum ne, kuma duk alhajin da ya yi safa da marwa sawun Hajara ya bi. In ya amince, madalla. In ya ƙi, ka fitar da abin da ya shafi sana'arta da renonta da kyautarta, ka yi shiru a kan asalinta ba tare da ka ƙirƙira mata wani ba, sa'an nan ka rubuta cikakken labarin daban, da sunan wadda ta gaya maka da ranar da ta gaya maka, ka adana. Ka kuma yi hanzarin komawa wurin tsohuwar nan ka tambaye ta ko kakar taka tana da wata waƙa ko wasu kalmomi da take furtawa da ba na garin ba, ko tsaga a fuska, domin ta nan ake gane ƙauyen da aka ɗauko mutum.

TAMBAYA: Hajiya, muna da islamiyyar 'yan mata a Kusiri, muna so mu raɗa wa azuzuwanmu sunayen matan yankin Tabkin Chadi. Wasu abokan aikina sun ce labarin cewa mata sun taɓa mulki a wannan yanki tatsuniya ce. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani shugaban makaranta, Kusiri.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri. Abokan aikinka sun yi gaskiya a gefe guda, sun kuma yi gaggawa a ɗaya gefen, domin labaran ba matsayinsu ɗaya ba. Mutanen Mandara suna danganta kafuwar daularsu ga wata sarauniya mai suna Sukda da wani maharbi baƙo mai suna Gaya, tun kafin babban birninsu ya tashi daga Kerawa zuwa Dulo, daga bisani Mora. Wannan ruwayar baka ce ta asalin al'umma, irin ta Daurama da Bayajida, a koyar da ita a matsayin abin da Mandarawa ke faɗa game da kansu. Aisa Kili ta Barno ta fi wannan ƙarfi, domin ruwayar baka ta ajiye ta a wuri sananne, a ƙarni na 16, tana riƙe da mulki kafin Mai Idris Alauma, ko da yake jerin sarakunan da aka rubuta da Larabci ya tsallake ta. Abin da babu jayayya a kansa shi ne sarautun mata: Magira uwar sarki da Gumsu uwargidansa a Barno da Bagirmi, da Momo a Wadai, mata ne masu ƙasa da bayi da fadawa na kansu, kuma matafiya irin su Bajamushe Nachtigal, wanda ya shiga Bagirmi a 1872 da Wadai a 1873, sun tarar da wannan tsari yana aiki.

Kusa da ku akwai wadda ta cancanci bincike, wato Hauwa 'yar Rabeh. Mahaifinta shi ne aka kashe a nan garinku ranar 22 ga Afrilun 1900, mijinta kuwa Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya kafa zamansa a Balda kusa da Marwa, kuma ɗan'uwanta Fadlallah ne ya jagoranci waɗanda suka kashe shi a 1898 lokacin da ya nemi ficewa daga Dikwa. Littattafai sukan ambace ta a layi ɗaya a matsayin igiyar da ta ɗaure ƙawancen maza biyu, su wuce.

A hayin kogi kuma akwai wadda hujjarta ta fi ta kowa ƙarfi. Rose Lokissim soja ce da aka tsare a kurkukun 'yan sandan asirin Hissène Habré, shugaban Chadi na lokacin, a Njamena, tana rubuta sunayen fursunonin da suka mutu a kan guntayen takardu tana fitar da su a ɓoye ga danginsu, har aka gano ta aka kashe ta ranar 15 ga Mayun 1986. A 2001 masu bincike suka tarar da takardun hukumar a warwatse a tsohon ofishinta, a ciki har da rahoton tambayoyin ƙarshe da aka yi mata, kuma ire-iren waɗannan takardu suna cikin abin da lauya Jacqueline Moudeina da abokan aikinta suka dogara da shi har kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016. Ko ba ku sa sunanta a aji ba, ɗalibanku su ji labarinta.

Shawarata ita ce a ƙarƙashin kowane suna da kuka rubuta a ƙofar aji ku ƙara layi ɗaya da ke nuna inda aka samo shi, ko ruwayar baka ce, ko rubutaccen tarihi, ko shaidar waɗanda suka ga mai sunan da idonsu. Ku kuma bar aƙalla aji biyu babu suna har ƙarshen zangon karatu, ku tura 'yan babban aji gidajensu su tambayo wace malama ce ta fara koyar da mata karatu a Kusiri, da wadda ta buɗe gidanta ga 'yan gudun hijira a 1980.